Allurar Tsohuwa Tana Ƙarya

Litinin, 12 ga Oktoba 1953, bayan La'asar

Yau giya ta ƙi ni a hawan rafin da ke tsakanin Yashe da Kusada, a gaban mutane. Ni Kofur Dawuda, da na ja motar soja a tsaunukan ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya cikin ruwa da taɓo, yau ni ne sandar giya ke karkarwa a hannuna kamar ɗan koyo. Na ji gurzar haƙoranta har cikin kafaɗata. Da na dubi madubi sai na ga fasinjojin da ke bodi sun toshe kunnuwa, wata mai daddawa tana ta dariya.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada gobe wani ya juya mini shi. Tsohuwa, motar Alhaji Kabo da nake ja, ragowar motocin yaƙi ce da aka yi gwanjonsu a Kaduna. Giyarta ba ta shiga don ka tura ta. Sai ka taka kuloci ka fito daga giyar da kake, ka ɗan ba ta wuta, juyin inji ya yi daidai da gudun taya, sannan ta shige kamar ludayi a kunu. In ka yi gaggawa ko ka makara, ta yi maka ihu duk gari ya sani. Sauran direbobi da kunne suke kama lokacin. Ni da ido nake kamawa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A gefen maleji akwai wani agogo mai allura ɗaya da ke nuna yawan juyin inji. Na ɗiga farin fenti a inda ake canja kowace giya, kuma tun da na karɓi motar nan allurar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Yau ta hau kan farin ɗigo, na tura giya, giya ta ƙi. Ke nan allurar ce ta yi ƙarya.

Abin haushin shi ne an kusa buɗe cinikin gyaɗa, ga Lawal, ɗan ƙanwar Alhaji, ya dawo daga Kano da sabon lasin a aljihu. Kullum yana tashar Kankiya yana shafa bonet ɗin Tsohuwa kamar mai taya doki a kasuwa. Makullin nan yake so, kuma zai daɗe yana so.

Talata, 13 ga Oktoba, da asuba

Agogon ne. Ba ni ba ne.

Alhamis, 15 ga Oktoba, da hantsi

Na buɗe bonet ni da Bube. Bube shi ne karen motata, ko da yake ya girme ni, gemunsa ma ya yi furfura. Annoba ta cinye masa shanu ya kama bin mota, har yanzu kuwa in zai yi wa Tsohuwa magana sai ya shafa mata gefe kamar saniya.

Kebur ɗin agogon daga bayan dainamo yake ɗaukar juyi, shi kuma dainamo bel ke juya shi. In bel ya saki, dainamo zai yi nawa, allura ta faɗi ƙasa da gaskiya. Da damina bel ɗinmu ya tsinke a Bauranya, babu inda za a samu wani, wani baduku ya murɗa mana kiri muka ɗaura. Ya yi mana rana, ban musa ba. Amma yau da na danna shi da yatsa sai ya lotsa. Fata ce, raɓar safiya ta taɓa ta ta saki, rana ta buge ta ta ɗame.

Bube ya zagayo gabana ya ce, "Kofur, kirin ga na bijimi ne, ba shi tsinkewa."

Na ce, "Ban ce shi tsinke ba. Miƙewa shike kamar wandon gado."

Ya yi dariya har sai da ya dafa taya. Na ba wani direba da zai shiga Kano sallahun bel na gaskiya. Raina ya yi fari yau, na san na kama ɓarawon.

Juma'a, 16 ga Oktoba, bayan an sauko

Ladaninmu ya tsufa. Da har bayan gari kiransa ke kaiwa, yanzu sai dai in ga mutane sun miƙe in bi su. Ya kamata a canja shi, amma kowa na jin nauyin faɗa.

A tasha Lawal ya tsaya a bayana ya yi wata magana, don ya san na tsani a yi mini magana ta baya. Na juyo na tarar kowa ya sunkuyar da kai, mai goro yana danne dariya da hularsa. Na ga wutsiyar kalmar a bakin Lawal, na kuma gane ta. Ba zan rubuta ta a nan ba. Igwar da ta fashe kusa da ni a Bama ta kwashe waɗanda ke gefena, ni na tashi da ƙafafuna na koma kan sitiyari. A lokacin Lawal yana wasan langa a ƙofar gidansu.

Lahadi, 18 ga Oktoba, bayan Azahar

Alhaji ya aiko in same shi a zaure. Ya matso har ina jin ƙamshin turarensa, ya buɗe murya kamar mai kiran wani a ƙetaren gona. Wannan ma wata sabuwar ɗabi'a ce da mutanen garin nan suka ɗauka, ko su yi maka magana cikin haƙori ko su yi maka ihu.

Ya ce, "Kofur, an hwaɗa mani giya tana kuka."

Na ce, "Ranka shi daɗe, agogo ne ya lalace. Ina kan gyara."

"Sauran direbobi ba su da agogon ga, kuma suna tahiya."

"Sauran direbobi ba su je Bama ba."

Ya ja carbinsa. Alhaji ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Tsoronsa shi ne haƙoran giya su kakkarye ana tsakar gyaɗa, motar ta kwanta har kaka ta wuce. Ya ce, "Ran da za a ɗauko lodin hwarko daga Kusada ni zan zauna gaba. In giya ta yi kuka ko sau guda, ka ba Lawal makulli ba tare da mun ɓata ba. In ba ta yi ba, ba mai ƙara ɗaga maganar ga."

Na ce na yarda. Na fito na nufi gida. Ban gaya wa Kubura matata ba, sai dai da na shiga gida na ga a fuskarta labari ya riga ni isowa.

Laraba, 21 ga Oktoba, da yamma

Bel ya iso. Na ɗaura shi, na ɗame. Bube ya naɗe kirin ya ce zai ɗaure akuya da shi.

Alhamis, 22 ga Oktoba, bayan Magariba

Har yanzu tana ƙarya, kuma ta sake salo.

Da safe na taka totur, na ji motar ta ɗauka a tafin ƙafata, amma allurar tana hawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Kafin ta kai farin ɗigo lokacin giya ya wuce. Da rana ta take kuma sai ta haukace, in na ɗan taɓa totur ta yi tsalle ta wuce ɗigon, ta dawo, ta sake tsalle. Giya ta yi kuka a fitar Tafashiya, ta sake yi a gaban masu jakai. Na ga sun juyo gaba ɗaya, har jakan.

Agogon da ke ƙarya iri ɗaya ana iya zama da shi, ka san nawa yake ƙarawa ka cire. Wannan da safe ragi take yi, da rana ƙari. Ina jin tsoro, na rubuta, to sai me. Amma agogon ne.

Juma'a, 23 ga Oktoba, da safe

Kubura ta shigo da man riɗi mai ɗumi a cokali, ta ce wanzami ya ba ta, wai in kwanta ta gefe ta ɗiga mini a wani wuri. Na ce ta ɗiga a miya. Ta tsaya tana kallona har man ya huce, sannan ta fita da cokalinta. Tun da muka yi aure ban taɓa ɗaga mata murya irin ta yau ba, wai. Ita ta ce na ɗaga, ni a yadda na saba na yi magana.

Asabar, 24 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kwance kebur ɗin daga bayan agogo na zare wayar da ke cikinsa, don in gani ko ta lanƙwashe ko ta fara tsinkewa. Na mirgina ta a kan katako, lafiyarta lau, miƙe take. Amma hannuna ya yi maiƙo har wuyan hannu, wani fari-fari mai danƙo. Na kai hanci. Man kaɗe.

Na kira Bube na nuna masa tafin hannuna. Bai ma yi musu ba.

Ya ce, "Ni na sa. Tun ƙarshen damina kebur ɗin ga shike kuka kamar zabuwa, hwasinja na gaba suna ta ƙorahi. Na zare shi na cika mashi man kaɗe, ya yi shiru."

Na ce, "Wane kuka? Kebur ɗin ga bai taɓa kuka ba."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "To, Kofur."

Wannan "to" ɗin ta fi mini zafi a kan maganar Lawal. Na ce masa mota ba saniya ba ce da za a shafa mata mai a kaushi. Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya ce ya faɗa, muna cikin tafiya, ban amsa ba, shi kuma bai so ya maimaita a gaban mutane. Na faɗa masa maganganu da yawa, har da ta shanunsa, wadda bai kamata ba. Ya ɗauki bokiti ya tafi rijiya.

Garin gyaran gira ya kusa cire mini ido. Wayar tana juyawa tana tura man sama, ta ɗura shi cikin agogon kaf. Da sanyin safiya ya daskare ya riƙe allura, in inji ya yi zafi ya narke. Ga ragi ga ƙari, duk na gane su yanzu.

Kebur ɗin bai yi kuka ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba, da hantsi

Ba mu gaisa da Bube ba. Ya wanke mota ya tafi.

Litinin, 26 ga Oktoba, bayan Azahar

Na ciro agogon na kawo gida. Kubura ta ba ni farin mayafinta ba tare da na roƙa ba, na shimfiɗa a ƙofar ɗaki inda haske yake, ta kore kaji. Na buɗe bakin gwangwanin a hankali da tsinin wuƙa.

Abin da ke ciki kaɗan ne, amma aikin hankali ne. Akwai mayen ƙarfe da kebur ke juyawa. A kansa an kifa wani ɗan ƙoƙo mara nauyi, ba sa taɓa juna, tsakaninsu bai fi kaurin takarda ba. Mayen ke jan ƙoƙon, ƙoƙon ya ɗaga allura, wani siririn gashin ƙarfe da aka naɗe kamar gammo ya riƙa mayar da ita. Duk wannan wuri man kaɗe ya cike shi, har ya yi baƙi. Na fige gashin zabuwa na riƙa tsomawa a fetur ina sharewa. Wajen gashin ƙarfen nan sai da na riƙe numfashi, don in ya lanƙwashe babu mai irinsa daga nan har Kaduna.

Kubura ta zauna a gabana tana tsince wake. Can ta taɓa mini gwiwa, na ɗago. Ta ce, "Malam, in ka gyara shi, shi ke nan komi ya gyaru?"

Na ce, "Mi ya saura?"

Ta ci gaba da wakenta.

Talata, 27 ga Oktoba, da yamma

Na mayar da agogon. Kebur na wanke shi tas da kananzir, na shafa masa giris kaɗan daga ƙasa, saman na bar shi a bushe. Allura tana tashi sumul yanzu, babu nawa babu tsalle. Amma tafiya sumul daban, gaskiya daban, sai na gwada.

A injin akwai abin da ke hana shi wuce iyaka, a soja gwamna muke ce masa, shi kaɗai ne gwamnan da na taɓa taɓawa da hannuna. In mota tana firi ka take totur har ƙasa, gwamna zai tsayar da inji a wuri ɗaya kullum, kuma wurin shi ne jan layin da ke kan agogo. Na taka. Allura ta tsaya ƙasa da jan layi da kamar faɗin ƙwayar dawa. Wajen wanki ta goce a kan sandarta. Na sake buɗewa, na cire ta, na dasa ta daidai. Na taka, ta hau jan layi ta zauna.

Don in ƙara tabbata, na sa Bube ya riƙe totur allura tana kan ɗigon farko, na ɗora tsinin sukundireba a jikin inji na ciji ƙotar. Ta haƙori injin yake shigo mini sosai, har cikin ƙwaƙwalwa, bugu ɗaya bayan ɗaya. Daidai yake da yadda na san shi. Da na ɗago na ga Lawal a tsaye da wasu zauna-gari-banza suna kallona da sukundireba a baki. Su kalla. Makanikai a kunne suke ɗorawa, ni a haƙori, kuma ba a rubuta a ko'ina cewa haramun ne ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kai wa Bube goro. Ya fasa ya ba ni rabi.

Muna zaune a inuwar mota sai ya kawo wata shawara. Al'adar hanya ita ce in fasinja zai sauka, ko wani abu ya faɗi, na bodi su bubbuga rufin kan mota direba ya tsaya. Mu namu tsarin daban ne. Bube yana zama a saman kaya daidai bayan kaina, in aka bubbuga sai ya sauko da hularsa ta tagar gefena in gani in taka birki. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba, shi ya fara da kansa shekarun baya, ni kuma ban hana ba. Babu fasinjan da ya san da wannan.

Ya ce, "Kofur, mu ɗaura igiya daga bodi ta shigo ta taga, a ɗaure ga damtsenka. Kowa ya ja, ka sani. Ran da ba ni kusa hwa?"

Na ce, "Ni akuya ne da za a sa mani igiya? Ran da Alhaji zai zauna gaba ya ga direbanshi a ɗaure?"

"Bayan ranar Alhaji to."

"Ko bayan ranar ƙiyama."

Ya tauna goronsa ya ce Allah shi kyauta. Igiya a damtse, a gaban Lawal, a gaban duk tasha. Gara in bar tuƙin.

Asabar, 31 ga Oktoba, da safe

Kusada da dawowa, giya ba ta yi ko tari ba. Gani ya kori ji.

Laraba, 4 ga Nuwamba, bayan Magariba

Gobe ne. Na duba mai, na duba ruwa, na sake taka ta har jan layi. Kubura ta wanke mini kakin soja.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, bayan La'asar

Alhamdu lillahi.

Aka loda mata gyaɗa a Kusada har ta durƙusa. Alhaji ya zauna gaba da babbar rigarsa, Lawal ya hau bodi don kada a ba shi labari. Da muka doso hawan rafin nan na ga Alhaji ya daina jan carbi, ya karkato da kansa wajen sandar giya. Ni ko kallonsa ban yi ba. Allura ta sauko, na taka, na fito, na ba ta wuta, ta hau ɗigo, na tura. Ta shige. Na sake, ta shige. Tsohuwa ta haye da kayanta tana huci, ko gezau.

A tashar Kankiya Alhaji ya sauka ya kama hannuna a gaban kowa. Ya ce, "Magana ta ƙare. Makulli naka ne, Kofur." Wannan karon ban ji haushin ɗaga muryarsa ba, na so ma ya ƙara. Lawal ya zo ya ce, "Sannu da aiki, Baba Kofur," idonsa a ƙasa. Na ce yawwa, in yana so ya koyi giya ya zo in nuna masa.

Bube ya yi ta tsalle da furfurarsa kamar an ba shi garke. Na sayi tsire na kai gida. Na ce wa Kubura, "To, mi ya saura?" Ta yi murmushi ta karɓi tsiren.

Tun farko na faɗa, agogon ne.

Asabar, 7 ga Nuwamba, da yamma

Bube.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Zan rubuta yadda ya faru, tunda kowa a gari yana ba da nasa.

Jiya mun taso daga Kusada da gyaɗa da 'yan kasuwa a saman buhuna. Kujerar gaba sikelin Alhaji ne a kai, ba a sa shi a bodi don kada ya goce, saboda haka ni kaɗai ne a ciki. A tsakiyar hawan rafi wani mutum ya ɗaga hannu, na tsaya. Bube ya diro ya sa waji, wato itacen da ake tare taya da shi kada mota ta koma baya. Mutumin ya hau. Bube ya ɗaga mini hannu a madubi, na ja. Aikinsa ne in mota ta motsa ya fizge wajin ya jefa a bodi, ya bi ta da gudu ya ɗafe. Ya yi haka sau dubu.

Wajin yana da igiya da aka ɗaure a bodi don kada ya ɓata. An ce igiyar ce ta naɗe masa ƙafa, ya faɗi, haɓarsa ta bugi ƙarfen baya, mota ta ja shi.

Ni idona yana kan allura. Kaya sun yi nauyi, hawa ne, wurin da ake kuskure ke nan. Ta hau ɗigo na sa ta biyu, ta shige. Muka haye. Ta sake hawa na sa ta uku, ta shige, har na ce a raina da Alhaji yana nan. Na ji rufin yana girgiza a saman kaina, na ce gargada ce, don wurin akwai gargada. Na dubi tagar gefena kamar yadda na saba, babu hula.

An ce mutum sama da goma suna dukan rufin da hannu da takalma. An ce suna ihu har masu aiki a gonaki suka yar da kayansu suka biyo mu da gudu.

Ina shirin sa ta huɗu sai gilashin gabana ya yi fari fat. Na taka birki. Nono ne yake gangarowa. Wata Bafillatana, Hassana, mai kai nono Kankiya, ita ta tattake buhuna ta zo gaba ta juye ƙwaryarta gaba ɗaya a kan gilashi.

Na sauko ina shirin yi mata faɗa. Sai na ga bakunan mutane duk a buɗe, duk suna nuna baya. Na zagaya.

Ba zan rubuta yadda na same shi ba. Daga inda yake kwance ina hango sawun da jikinsa ya bari a kan hanya har inda ta karya kwana. Da ransa. Ni na ɗauke shi, na sauke sikelin Alhaji a gefen hanya na kwantar da shi a gaba, na kai shi ɗakin shan magani na Kankiya. Ban kuskure giya ko ɗaya ba.

Litinin, 9 ga Nuwamba, bayan Azahar

Ɗan doka ya zo ya yi tambayoyi ya tafi. Alhaji ya ce ƙaddara ce, igiya ce ta jawo. Bai tambaye ni makulli ba. Ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa magana ta ƙare, kuma shi ba ya komawa baya. A tasha ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tsaya a bayana. Kowa sai ya zagayo gabana ya gaishe ni a hankali.

Na tayar da Tsohuwa na take ta har ƙasa. Allura ta hau jan layi ta zauna.

Talata, 10 ga Nuwamba, bayan La'asar

Mun je duba shi ni da Kubura. Malamin asibiti ya ce ƙafar za ta ɗoru, fatar baya kuma sai a hankali. Matarsa tana zaune a gefe, da ƙanensa da ya zo daga ruga. An naɗe masa fuska da bandeji daga ƙarƙashin hanci har wuya, idanu kawai ake gani.

Da ya gan ni ya miƙo hannu, na kama. Sai bandejin ya fara motsi. Ya daɗe yana magana, yana tsayawa ya huta ya ci gaba, idonsa a kaina. Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Ƙanensa ya sunkuyar da kai. A wani wuri malamin asibitin ma ya yi murmushi. Ni ina ta gyaɗa kai. Na matsa kusa har kunnena ya taɓa bandejin, na juya ɗaya kunnen. Da ya gama ya matse mini hannu yana jiran amsa, na ce, "To, Bube."

A hanyar gida, wajen gindin tsamiya, na tsaya. Na ce wa Kubura, "Mi ya ce?"

Ta zagayo gabana, ta tsaya inda rana ke haska fuskarta, ta yi maganar a hankali. Ta ce ya ce laifinsa ne da bai naɗe igiyar ba. Ya ce man kaɗen ma laifinsa ne, in yafe masa. Ya ce kada in yarda in ba kowa makulli, in riƙe masa wurinsa, kafin a gama gyaɗa zai dawo da hularsa.

Laraba, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Na sa kakina na je zauren Alhaji. Na ajiye makullin a kan buzunsa. Ya tura mini shi, na sake turawa. Ya ce ai ba wanda ya nema. Na ce na sani, shi ya sa na kawo da ƙafata. A rubuta cewa ba karɓa aka yi ba, ni na ajiye, kuma giya ba ta yi kuka ba. Na ce wurin Bube yana nan ko wa ke tuƙi, in ba haka ba za a ji ni da Alhaji har Katsina. Ya ce ya ɗauka.

Lawal yana bakin ƙofa. Na ce masa agogon daidai yake, kada ya bari kowa ya sa wa kebur mai, kuma ya rage wa waji igiya. Ya buɗe baki zai yi magana, na wuce.

Kubura ta ce in je in gaya wa Bube da kaina, kada ya ji a bakin wani. Zan je da yamma. Na ce ta shirya ta raka ni, don zai amsa, kuma ni ba zan ji ba.